“Targaɗe Ne Kawai”: Raunin Gwiwar da Hoton Ƙashi Ba Ya Gani

Ɗan yayata yana buga ƙwallo kusan kullum bayan La'asar a wani fili da ke bayan unguwarmu a nan birnin Katsina. Wata rana ya taho da gudu, ya dasa ƙafar dama zai yanke mai tsaron baya, sai kawai aka ga ya zube. Babu wanda ya taɓa shi, har abokansa suka fara yi masa tsiya wai fanareti yake nema. Abin da ya gaya mini daga baya shi ne: “Kawu, wallahi ji na yi wani abu ya ce ɓas a cikin gwiwar, sai ƙafar ta tafi ta bar ni.” Kafin a kira Isha'i gwiwa ta kumbura suntum. Washegari aka kai shi aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya, babu tsagewa. Gida ya ɗauki hamdala, aka ce targaɗe ne kawai. Aka kira mai ɗori ya ja ƙafar, ya shafa magani, ya ɗaure. Cikin mako uku yaro ya miƙe yana tafiya garau. Bayan wata biyu ya koma fili, a wasansa na biyu kuwa gwiwar ta sake gocewa, wannan karon har ta ƙi miƙewa gaba ɗaya.

Babu wanda ya yi mana ƙarya. Hoton gaskiya ya faɗa, ƙashin lafiyarsa ƙalau. Mu ne muka tambayi hoto abin da ba shi da idon gani, da ya yi shiru sai muka ɗauka ya wanke gwiwar.

Rikicin ma daga bakinmu ya faro. Bahaushe yana da kalma ɗaya, jijiya, ya ɗora mata kaya huɗu. Wadda ake hudawa a ɗebi jini, jijiya. Wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, jijiya. Wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bisa dunduniya, ita ma jijiya. Sai ta huɗu, wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa don kada su rabu. Wannan ta ƙarshen ce abin maganarmu, zan riƙa kiranta jijiyar ɗauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana raba ƙafar saniya a gaɓa ya ganta: wata farar igiya ce mai tauri, sai an sa wuƙa an datse ta ƙasusuwan ke sakin juna. Kalmar targaɗe ita ma haka take, buhu ne da ake zuba komai a ciki. Likitoci sun raba abin gida uku: jijiyar ta ɗan miƙe ba ta yage ba, ta yage rabi, ko ta tsinke gaba ɗaya. Na farko yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Na uku yana iya raba matashi da ƙwallo har abada. Mu kuwa duka sunansu targaɗe.

Dalilin da ya sa gwiwa ta dogara da waɗannan igiyoyi ƙwarai shi ne ƙirarta. A ƙugu, kan ƙashin cinya ya shige cikin wani kwarmi, ƙashi ne ke riƙe da ƙashi. A gwiwa babu kwarmi. Ƙarshen ƙashin cinya mai zagaye ne, yana zaune bisa saman ƙashin ƙwauri wanda kusan a shimfiɗe yake, kamar tulu a kan faifai. Tsakaninsu akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, suna yin aikin gammo: su daidaita zama, su raba nauyi. Abin da ke hana tulun gangarowa kuwa igiyoyi huɗu ne. Biyu a gefe, ɗaya ta ɓangaren ciki ɗaya ta waje, suna hana gwiwa karyewa hagu ko dama. Biyu kuma a can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna. Ta gaba tana hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa, ta baya tana hana shi komawa baya. Gittacciyar gaba ita ce a takardar asibiti za ka ga an rubuta da haruffa uku, ACL, kuma ita ce ta tsinke wa yaron nan.

Kowace da hanyar da take bi ta lalace, shi ya sa likitan kirki yake fara tsare ka da tambayar yadda abin ya faru, kai kuwa kana ganin ɓata lokaci ne. Ta gefen ciki takan yage idan an daki gwiwa daga waje ta lanƙwasa ciki: wanda aka yi wa ƙeta a ƙwallo, ɗan kokawar da abokin karawa ya faɗa masa a ƙafa, mahayin da wani doki ya goge shi a cunkoson hawan Sallah, ko a filin folo, wasan da Katsina ta yi suna a kansa tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo. Gittacciyar baya tana son duka a saman ƙwauri alhali gwiwa na lanƙwashe. Wannan ciwon 'yan babur ne, da na fasinjan gidan gaba wanda gwiwarsa ta daki gaban mota lokacin haɗari. Wanda ya san yadda ake cusa mutum biyu a kujerar gaba tsakanin Katsina da Daura ya san inda gwiwoyinsu suke. Gittacciyar gaba kuwa ba ta jiran kowa. Kusan kashi 70 cikin 100 na tsinkewarta babu wanda ya taɓa mai ita: an dasa ƙafa, jiki ya juya, ko an diro daga tsalle gwiwa a miƙe ta faɗa ciki. Wannan ma yana cikin abin da ke sa a raina ciwon. Tunda ba a ga duka ba, ba a ga jini ba, sai a ce ragwanci ne.

Jinin kuwa yana nan, a ciki yake. Gwiwar da ta cika ta yi tam cikin awa biyu ko uku bayan rauni, jini ne ya taru a cikinta, kuma ruwa ba ya tsami banza. A cikin matasan da suka zo asibiti da irin wannan kumburi na nan take bayan wasa, rabi ko fiye gittacciyar gaba ce ta tsinke. Kumburin da ya zo a hankali, sai washegari aka lura da shi, ya fi karkata ga gammon guringuntsi ko ƙaramin rauni. Saboda haka lokacin da gwiwa ta kumbura labari ne mai daraja, a riƙe shi a kai wa likita.

Bayan labari sai hannu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan wannan bincike da hannu ake yinsa, ba da na'ura ba. Majinyaci zai kwanta rigingine, a ɗan lanƙwasa gwiwar kaɗan, likita ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. Idan jijiyar na nan, ƙwaurin zai ɗan motsa ya tsaya cak, kamar akuyar da ta kai ƙarshen igiyarta. Idan ta tsinke, sai ya ci gaba da tahowa, tsayawarsa ta zo da laushi. Ana kiran wannan gwajin Lachman, sunan wani likitan ƙashi na Amurka, kuma ɗalibinsa Joseph Torg ne ya bayyana shi a rubuce a 1976. Na gefe kuma ana tura gwiwar ciki da waje a ga ko gaɓar za ta buɗe baki. Ta baya sau da yawa ido ma yana kama ta: a lanƙwasa gwiwoyin biyu a jere, sai ka ga ƙwaurin mai ciwo ya zauna baya. Kullum ana gwada lafiyayyar ƙafar don a kwatanta, domin wasu mutane haka Allah ya yi su da sakakkun gaɓoɓi. Matsala ɗaya ita ce a ranar farko zafi yakan sa mutum ya ƙanƙame tsokarsa, gwajin ya ƙi fita. Idan likita ya ce ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu a sake dubawa, ba korar ka ya yi ba. Komawar nan ce ake yawan fasawa, saboda zuwa lokacin zafi ya ragu, an ga sauƙi.

Hoton ƙashi yana da ranarsa. Shi ne ke fidda shakkar karaya, kuma wani lokaci yakan nuna wani ɗan ɓallin ƙashi a gefen ƙwauri wanda ke tona asirin gittacciyar gaba. A ƙananan yara ma, maimakon jijiyar ta tsinke, sai ta fizgo ƙashin da take manne da shi, hoto ya gani. Amma ba kowace gwiwa ke buƙatarsa ba. Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a tsakiyar shekarun 1990: a ɗauki hoton idan mutum ya kai shekara 55, ko ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ya kasa lanƙwasa gwiwar zuwa rabi, ko akwai zafi a kan ƙoƙon gwiwa kaɗai, ko a kan ƙaramin ƙashin gefen waje. A nan wajenmu abin ya juye. Kowa hoto yake so, in ba a ɗauka ba sai a ce likita bai yi aiki ba, in an ɗauka kuma ya fito fes sai a ce magana ta ƙare. Wanda ke ganin jijiyoyin da guringuntsi shi ne hoton maganaɗisu, wanda ake rubutawa MRI. Yana da tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma ba dole ne kowa ya yi shi a makon farko ba. Amfaninsa ya fi fitowa idan hannu ya nuna jijiya ta tsinke ana tunanin tiyata, ko ana zargin fiye da abu ɗaya ne ya lalace, ko gwiwa ta kulle.

Akwai dai gwiwoyin da ba sa jiran gari ya waye. Idan aka yi haɗarin babur gwiwa ta goce gaba ɗaya, ko da ta koma da kanta, babbar jijiyar jinin da ke bi ta bayan gwiwa tana iya yagewa. Alamarta ƙafa ta yi sanyi, ta ɗashe ko ta yi duhu, mutum ya daina jin yatsunsa. Tsakanin nan da rasa ƙafar awa shida zuwa takwas ne kawai, wannan na gaggawa ne, ba na zauren mai ɗori ba. Haka wanda ya kasa ɗaga tafin ƙafarsa sama, yana jan ta a ƙasa, jijiyar saƙo ta gefen waje ce ta taɓu. Haka wanda yake kwance ya kasa ɗaga ƙafar a miƙe, domin mai yiwuwa agarar ƙoƙon gwiwa ce ta tsinke, irin abin da ya samu Ronaldo na Brazil a watan Afrilun 2000 yana Inter Milan, kuma wannan ɗinki yake so da wuri. Gwiwar da ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, musamman bayan an yi mata tsaga ko allura a kemis, ita ma asibiti take so a ranar, don ƙwayar cuta idan ta shiga gaɓa cikin 'yan kwanaki take cinye guringuntsi.

In babu ɗaya daga cikin waɗannan, kwana biyu ko uku na farko ba su buƙatar wani abu mai wuya: a huta, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a naɗe ta da bandeji ba tamau ba, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20 sau da yawa a rana. Ledar fiya wata da ta daskare ta wadatar. Abin da muka saba yi kuwa kishiyar haka ne, ruwan zafi da man zafi da murza, waɗanda a wannan lokacin ƙara wa kumburin ƙarfi suke yi. Magungunan kashe zafi na kemis kuma a yi hattara da su, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda suna iya ja masa abin da ya fi gwiwar.

A nan ya kamata a yi wa masu ɗori adalci, a kuma fahimci dalilin da ya sa mutane suka yarda da su. Suna kusa, ba sa tsawwala kuɗi, suna zuwa har gida, kuma sau da yawa majinyacinsu yana warkewa a gaban idon kowa. Sirrin yana cikin bambancin jijiyoyin nan biyu da suka fi samun rauni. Ta gefen ciki a wajen jakar gaɓa take, jini yana isa gare ta sosai. Idan ta yage, jinin yana daskarewa tsakanin bakunan biyu ya zama gada, nama ya bi ta kai ya haɗe. Ko da ta tsinke gaba ɗaya, in an tallafe ta mako shida zuwa takwas, galibi tana warkewa ba tare da wuƙa ba. 'Yar ƙwallon Najeriya Asisat Oshoala irin wannan raunin ne ya fitar da ita daga gasar mata ta Afirka a Maroko a watan Yulin 2022, kuma ba a daɗe ba ta koma wasa. To wanda ya kai irin wannan gwiwa wajen mai ɗori zai warke, ya yi ta yabo, kuma bai yi ƙarya ba.

Gittacciyar gaba kuwa cikin ruwan gaɓa take iyo. Ruwan nan ba ya barin gadar jinin ta tsaya, bakunan biyu su kan ja da baya kowa ya kama gabansa. Binciken baya-bayan nan ya nuna wasu sukan haɗe da kansu, amma ba abin da za a dogara da shi ba ne. Abin da ke ruɗar mu shi ne ita ma alamunta suna lafawa. Kumburi ya sace, zafi ya tafi, mutum ya yi tafiya miƙe ba ya jin komai, domin tafiya miƙe ba ta buƙatar wannan jijiya sosai. Sai ranar da ya juya da sauri, ko ya taka rami, ko ya diro daga bayan mota, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Kowace gocewa kuma ƙasusuwan suna murje gammon da ke tsakaninsu. Abin da ya faru da ɗan yayata ke nan: raunin farko jijiya kaɗai ya taɓa, na biyu ya yaga guringuntsi, ɓallin ya shiga tsakani ya hana gwiwar miƙewa. Inda nake da ja da wasu masu ɗorin shi ne jan ƙafa da ƙarfi alhali ba a san abin da ya yage ba, da ɗauri mai matsewa bisa gaɓar da ke kumbura, da barin ƙafa cikin kara wata da watanni. Gwiwar da aka hana motsi tana sandarewa, cinya kuma cikin mako biyu ko uku take fara ramewa. Wani lokaci gyaran wannan ya fi na raunin asali wahala.

To idan an tabbatar gittacciyar gaba ta tsinke, dole ne tiyata? A nan su kansu likitocin ƙashi ba bakinsu ɗaya ba. A 2010 aka wallafa wani bincike daga Suwidin a kan matasa 121 masu motsa jiki. An raba su biyu: wasu aka yi musu tiyata da wuri tare da gashin ƙashi, wato atisayen ƙarfafa ƙafa, wasu aka fara da gashin kaɗai, aka bar tiyata sai in gwiwar ta ci gaba da gocewa. Bayan shekara biyu babu wani bambancin a zo a gani a yadda suke jin gwiwoyinsu, kuma bayan shekara biyar kusan rabin rukuni na biyu ba su shiga ɗakin tiyata ba. Wannan labari ne mai daɗi ga gidajen da kuɗin aikin ya fi ƙarfinsu. Sai dai kada a karanta shi da ido ɗaya. Waɗancan mutane ba zama suka yi a gida suna jiran sauƙi ba, watanni suka yi suna atisaye ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Kuma ɗaya rabin sun koma an yi musu aikin. A ganina ma'aunin shi ne abin da mutum yake nema daga gwiwarsa. Malamin makaranta ko tela ko mai shago wanda ya ƙarfafa cinyarsa, gwiwar ba ta goce masa, yana iya rayuwarsa lafiya babu wannan jijiya. Matashin da ke son komawa ƙwallo ko dambe, ko birkilan da ke hawa da sauka da kaya a ka, ko wanda guringuntsinsa ya yage yadda za a iya ɗinke shi, ko wanda jijiya biyu ko uku suka tafi tare, wannan tiyata ta fi kusa da shi. Gittacciyar baya, idan ita kaɗai ce, galibi ana fara ta da abin tallafe gwiwa da ƙarfafa cinya. Ta gefen waje idan ta tsinke tare da abin da ke kewaye da ita, an fi son a yi aikin cikin makonni biyu ko uku na farko, jinkiri yana ɓata shi.

Kalmar gashin ƙashi ma tana yi mana illa. Jin sunan sai mutum ya zaci fitila ce za a kunna a gasa masa gwiwa yana kwance. Ainihin aikin gumi ne: dawo da miƙewar gwiwa tukuna, sannan lanƙwasawa, sannan gina tsokar gaban cinya da ta bayanta, sannan koya wa ƙafar tsayuwa ita kaɗai da dira da juyawa. Ma'aikacin yana nuna hanya, majinyaci ne ke yin tafiyar, kullum, a gida. Mai zuwa daga Daura, tafiyar kusan kilomita 80, ba zai iya zuwa Katsina kowace rana ba, don haka abin da ya fi masa shi ne ya koyi atisayen da kyau, ya riƙa komawa ana duba ci gabansa ana ƙara masa nauyi.

Ita kanta tiyatar galibi ba ɗinke tsohuwar jijiya ake yi ba, sabuwa ake dasawa. Ana huda ƙananan ƙofofi a zura kyamara, a haƙa rami a ƙashin cinya da na ƙwauri, a zaro wata agara daga jikin mutumin kansa a ja ta ta cikin ramukan a kafe. Ana iya ɗaukowa daga bayan cinya, ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa tare da ɗan ƙashi, ko daga samansa. Akwai wata tambaya a nan da ta shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta littattafan. Wadda ake cirowa daga ƙasan ƙoƙon gwiwa tana da ƙarfi, 'yan wasa da yawa ita ake sa musu, amma an san ta da barin zafi a gaban gwiwa idan an durƙusa. Mutumin da zai kai gwiwarsa ƙasa a kowace raka'a, ya zauna tahiya bisa ƙafarsa, ya ci tuwo a tabarma, ya tsuguna a bayi, ya durƙusa gaban iyaye, ya kamata ya buɗe baki ya ce: “Likita, ranka ya daɗe, wacce za ta bar ni in yi sujada ba wahala?” Tambaya ce ta ilimi, kuma likitocinmu sun san amsarta. Haka ma a wajen gashi, lanƙwasawar da ta ishi mai zaman kujera ba ta ishe mu ba, a faɗa tun farko cewa har zaman tahiya ake so a kai. Ba a kuma gaggawar yin aikin a kan gwiwa mai kumburi wadda ba ta miƙewa, sai an lallaɓa ta ta sace ta saki, in ba haka ba tana iya sandarewa bayan tiyata.

Bayan tiyata kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Agarar da aka dasa sai ta yi rauni tukuna kafin jiki ya mayar da ita jijiya, kuma lokacin da ta fi rauni, wajen wata na biyu zuwa na uku, shi ne daidai lokacin da mutum ya yar da sanda yana jin kansa garau. Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya koma Real Sociedad a watan Satumban 2022, cikin 'yan kwanaki wannan jijiya ta tsinke masa a wasa da Getafe, bai sake bugawa ba a duk kakar. Rodri na Manchester City, shi ma da ta tsinke masa, da sanduna ya hau dandamali ya karɓi kyautar Ballon d'Or a watan Oktoban 2024. Waɗannan mutane ne da likitoci ke kewaye da su dare da rana, duk da haka wata takwas, tara, ko fiye suke yi. Wani bincike na haɗin gwiwar Norway da Amurka da ya fito a 2016 ya gano cewa kowane wata guda da ɗan wasa ya ƙara haƙuri, har zuwa wata na tara, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. Kuma ba kalanda kaɗai ake dubawa ba. Ana auna ƙarfin cinya, ana sa mutum ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa, sai mai ciwon ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, da tiyata da babu, gwiwar da ta rasa wannan jijiya ta fi sauran kusa da amosanin gaɓa. Cikin shekara 10 zuwa 20 kusan rabin masu raunin ana ganin alamunsa a hoto, kuma waɗanda suka rasa gammonsu su ne a gaba. Shi ya sa likitocin yanzu suka fi son ɗinke guringuntsi a kan yanke shi, shi ya sa kuma barin gwiwa ta yi ta gocewa shekara da shekaru ya fi kowane zaɓi tsada. 'Yan mata masu wasa su ma a sa musu ido, domin a wasa iri ɗaya wannan jijiya ta fi tsinke musu fiye da maza, ninki biyu ko fiye.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne akwai rigakafi, kuma kyauta ne. Tun 2006 hukumar FIFA ta fitar da wani tsarin ɗumama jiki mai suna 11+, minti 20 ne kacal: gudu a hankali, ƙarfafa ciki da bayan cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira da gwiwa a lanƙwashe ba ta faɗa ciki ba. Ƙungiyoyin da ke yinsa aƙalla sau biyu a mako raunukansu suna raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar ciyawar filin wasa na Muhammadu Dikko, a kan turɓaya ma ana yinsa. Amma je ka kowane filin unguwa da La'asar, daga sauka kan babur sai a ce a raba riga.

Ɗan yayata dai sai da dangi suka yi karo-karo aka kai shi Kano, aka ɗinke guringuntsin, aka dasa masa agara daga bayan cinya. Yanzu wata na bakwai ke nan. Ya koma zaman tahiya tun a wata na biyar, abin da ya fi faranta wa mahaifiyarsa rai ke nan. Kocinsu kuwa duk mako sai ya tare ni a ƙofar masallaci: “Alhaji, yaushe za a sako mana yaron nan? Na gan shi jiya yana gudu.” Ni ma na gan shi. Amma ranar Talatar da ta wuce da aka sa tef ɗin tela aka auna cinyoyin biyu, ta hagu har yanzu ta fi ta dama kauri da yatsa biyu, kuma a tsallen langa ta dama ba ta kai inda 'yar'uwarta ta dira ba. An ce ya dawo bayan mako shida a sake aunawa.